Injin Goge Tagulla na Obrad

A ƙauyen Brezovo, in ka ji ana bayanin bindiga tun kafin ka gama hawa gangaren gidan gahawa, ba sai ka leƙa ba, Obrad ne. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a masana'antar harsashi da ke birni, kuma ba ya bari kowa ya manta. Abin da yake bari a manta shi ne irin aikin. Mai gadin ƙofa ne, shi ke ɗaga sandar nan mai fari da ja in mota za ta fita.

"Duk harsashin da ƙasar nan ta harba, ta gabana ya wuce," in ji shi.

"A cikin akwati, a bayan mota, an rufe da tamfol," in ji Tihomir.

Tihomir magini ne, kuma kum ɗin Obrad ne, wato shi ya tsaya masa ranar aurensa a coci. Kum ba a zaginsa, ba a kuma hana shi abin da ya roƙa. Saboda haka mutanen nan biyu suka tsufa suna yankar juna da magana cikin ladabi.

A bangon gidan gahawar akwai ƙahon shugaban mafarauta a rataye. A jikin igiyarsa an ɗaura kwanson harsashi, wato tagullar da ke saura bayan an harba, na duk shugaban da ya riga mu gidan gaskiya. In shugaba ya rasu, matarsa ke kawo kwanson harbinsa na ƙarshe. Sai a bar shi ya yi baƙi, sannan a ɗauki ƙusa a karce sunansa a cikin baƙin, sunan ya fito fari. Na Marinko, mahaifin Obrad, yana nan daga ƙasa. Obrad ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya riƙe ƙahon nan, in ya mutu a ɗaura nasa kwanson kusa da na ubansa. Wannan kam ba cika baki ba ne, da gaske yake so, har kujerarsa ma yakan juya ta ne inda zai riƙa hango igiyar.

Matsalar ɗaya ce. A duk tarihin farautarsa Obrad ya kashe zomo guda, shi ma karnuka sun riga sun gama da shi, sai kuma allon da ke nuna hanyar ƙauyen.

Da kaka ta kama, Deda Stanimir, tsohon da ke riƙe da ƙahon, ya ce gwiwoyinsa sun yi ritaya ba tare da sun shawarce shi ba. Ranar buɗe farautar aladen daji zai miƙa ƙaho ga wani. Kowa ya san mutum biyu ne a layi: Tihomir saboda saitinsa, Obrad saboda ubansa. Obrad ya duba ya ga a fagen harbi ba shi da ta cewa, sai ya miƙe tsaye a tsakiyar gidan gahawa.

"Harsashi ya yi tsada ko bai yi ba?"

Aka ce ya yi.

"To daga yau ba mai sake saye a garin nan. Kowa ya kawo min kwansonsa. Zan wanke su, in goge su, in ƙera injin da zai mayar da su sabbi. Ku dai naku harbi."

"Ka taɓa yi, ɗana?" in ji Deda Stanimir.

"Deda, ni da na yi rayuwata a cikin masana'anta?"

"A bakin masana'anta, kum," Tihomir ya gyara masa a hankali.

Mafarautan Brezovo ba sa yar da kwanso. Kowa yana da gwangwani cike a rumbu, kuma kowa ya ɗiga wa nasa alama a gindi da jan farcen matarsa, don kwanson da bindigarka ta harba ya fi zama daidai a bindigarka. Tsada ta sa suka kawo, ba don sun yarda da Obrad ba. Kafin magariba ya tara buhu guda, ya ja shi gida yana ƙara kamar tsohuwar akori-kura.

Ya taɓa jin wani direba a bakin ƙofar masana'anta yana cewa tsami da gishiri ke cin dattin tagulla. To a gidansa ina tsami da gishiri suka haɗu? A gangar kabejin matarsa Leposava, wanda ta jiƙa don abincin hunturu gaba ɗaya. Obrad ya jira ta tafi kasuwa, ya ɗaga dutsen da ke danne da murfin, ya zura buhun a ƙasa, ya mayar da kabeji a kai, ya rufe kamar ba a yi ba.

Bayan 'yan kwanaki Leposava ta je ɗebo kabejin da za ta naɗe nama da shi. Ta dawo riƙe da ganye ɗaya a bakin cokali.

"Obrad."

"Na'am, Lepa."

"Tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin kabeji shuɗi?"

Ya matso ya duba da kyau, har da gyara tabarau. "Irin na bana ne. Ruwan sama ya yi yawa."

"Ruwan saman ne ya saka buhu a ƙasan gangar?"

"Wannan aikin al'umma ne, mata ba za su gane ba."

"Za su gane in hunturu ya zo. Kai za ka ci harsashi, ni in tafi gidan 'yar'uwata."

Da aka zazzage buhun a tsakar gida, kwanson duk sun koma ruwan hoda, irin na kumatun jariri. Tihomir yana wucewa, ya tsaya ya dafa shinge.

"Sannu da aiki, kum. Na amarya ne?"

"Matakin farko ke nan. A masana'anta ma haka suke fitowa."

"Ai kuwa alade zai ji daɗin mutuwa da wannan launi."

Mataki na biyu shi ne gugawa, kuma gugawa tana son abin da ke juyawa. Abin da ke juyawa a gidan Obrad shi ne injin wankin Leposava. Ya ɗura kwanson a cikin safunan ulun da ta saƙa masa, ya ɗaure bakinsu, ya zuba a inji ranar Lahadi da safe tana coci, ya murɗa har ƙarshe.

Da farko injin ya yi tari. Daga nan ya fara ƙara irin wadda tsofaffin Brezovo ba su ƙara ji ba tun zamanin yaƙi. Karnukan gari suka ɗauka. A cikin coci fada ya ɗaga murya, injin ya ɗaga tasa, fada ya haƙura ya gajarta addu'a. Da jama'a suka fito suka tarar injin ya tako da kansa daga ɗakin wanki har bakin ƙofa, iyakar inda wayarsa ta kai, Obrad yana kwance a kansa ya rungume shi, haƙoransa suna kaɗawa.

"Kada kowa ya matso!" ya yi tsawa. "Haka yake yi in ya kusa gamawa!"

Gaskiya ya faɗa, ya kusa gamawa. Ya yi wata irin ajiyar zuciya, hayaƙi ya fita ta bayansa, bai ƙara motsi ba har yau. Safunan sun zama zare. Kwanson kuwa suna nan da launinsu, sai dai yanzu suna ƙamshin sabulu.

Leposava ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito da baho da allon wanki, ta ajiye a gabansa a gaban mutane.

"Ga sabon injin," in ji ta. "Da hannu yake aiki. Hannunka."

Washegari Obrad ya wanke zannuwan gado, ya shanya, sannan ya sa hular fita ya nufi gidan Tihomir.

"Kum, injin kwaɓa simintinka nake so."

Tihomir ya daɗe yana kallon injin, kamar mai sallama da ɗan'uwa a tasha. "Da wani ne ya roƙa, kum, da na sakar masa kare."

"Na sani."

"Ka dawo min da shi da ƙafafunsa."

"Zan dawo maka da shi ya fi yadda yake. Ai ka san ni."

"Abin da ke damuna ke nan."

Wannan karon Obrad ya samo dabara ta gaske, domin totuwar masara da aka farfasa tana goge tagulla. Ya daka totuwa, ya zuba, ya kunna. Sai dai bai tsaya cire sauran ƙwayar masarar ba, kuma bai rufe bakin injin ba. Inji yana juyawa yana watsa tsaba, kajin unguwa kaf suka yi taro a gidansa. Maƙwabciya ta zo neman nata, ta tafi da waɗanda suka fi ƙiba. Zakaran fadan coci ya leƙa ciki, ya yi zagaye ɗaya tare da kwanso, ya fito yana tafiya a karkace.

Obrad ya duba kwanson ya ga sun fara haske, amma a hankali, ga ranar farauta tana matsowa. Ya ce totuwa aikin masu haƙuri ce, shi kuwa masani ne. Ya ƙara shebur na yashin ginin Tihomir, ya rufe bakin da murfin tukunya, ya ɗaure da waya.

Da ya buɗe da yamma sai da ya kare idonsa. Kwanso sun fito suna walƙiya kamar zoben amarya. Obrad ya tsaya shi kaɗai a tsakar gida, ya rasa wanda zai cika wa baki, don shi kansa bai zaci abin zai yi ba. Ya kira Leposava.

"Lepa, zo ki ga abin da kika aura."

Ta zo ta duba. "Sun yi kyau," in ji ta. "Ina jan farcen mutane?"

"Datti ne, ya fita."

"To yaya kowa zai gane nasa?"

"Ke dai ba a burge ki."

Nasara ba ta yi wa Obrad kyau ba. Da safe yana shan gahawa, ya ɗaga kai ya ga igiyar ƙaho, ya ga kwanson magabata baƙi ƙirin kamar an ciro su daga murhu. Zuciyarsa ta sosu. Yaya ubansa Marinko, mutumin da ba ya fita sai takalminsa yana sheƙi, zai zauna cikin wannan baƙin? Mai gidan gahawa yana baya yana gasa barkono. Obrad ya miƙe, ya kwance su duka, ya zuba a aljihu, ya juya igiyar ta bayan ƙahon. Ya yi niyyar goge su daban, amma ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ba ya juyuwa a injin siminti. Sai ya jefa su cikin sauran, ya ƙara yashi don girmamawa, ya kunna.

Yayin da inji ke aikinsa, shi kuma ya ƙera na'urar matse kwanso. Ya haɗa ta da jak ɗin tsohuwar motarsa, da ƙarfen gadon surukarsa, da wani guntun bututu. Bai gwada ta ba. Ya ce gwaji na mai shakka ne.

Ranar buɗe farauta garin ya taru a gaban gidan gahawa tun hantsi, kamar kowace shekara. An ɗora babbar tukunyar wake da nama, karnuka suna ta jan igiya. Deda Stanimir yana zaune a kujera da bargo a gwiwa. Sai ga Obrad ya turo baro, na'urarsa a kai, da bokiti an rufe da farin mayafin teburin Leposava. Ya jira aka yi shiru, ya fizge mayafin.

Jama'a suka ce, "Kai!"

Gaskiya abin ya yi kyau. Rana ta faɗa cikin bokitin ta dawo idon mutane. Har Tihomir ya cire hula ya sosa kai.

"Kum, na yarda. Wanne ne nawa?"

"Duka namu ne. Ƙungiya ɗaya muke."

"Bindigoginmu fa, su ma ƙungiya ɗaya suke?" wani ya tambaya daga baya. "Nawa masu jan ɗigo ne."

"Nawa ma ja ne, amma mai duhu!"

"Ku kwantar da hankalinku," in ji Obrad. "Don haka na ƙera wannan. Duk wanda ya shiga nan zai fito daidai da kowace bindiga a duniya."

Ya zura hannu a bokiti ya ɗauko ɗaya, ya saka a bututun, ya fara buga jak. Ƙarfen gado ya yi kuka. Obrad ya ci gaba yana bayani a kan yadda ake yi a masana'anta. Aka ji ƙas. Ya sassauta jak, ya ciro wani abu mai faɗi kamar maɓallin kwat.

"Wace bindiga ce wannan?" in ji Tihomir.

"Wannan na ɗumama inji ne."

Ya ɗauko wani. Shi ma ya fito maɓalli. Ya ɗauko wani, ya rage ƙarfi, wannan ya fito a lanƙwashe kamar ƙugiya. Mai gidan gahawa ya ce in an samu guda shida masu kama ɗaya yana so, rigar sanyinsa ba maɓalli.

"Ya isa, ɗana," in ji Deda Stanimir. "Karnuka sun gaji. A kawo ƙaho."

Mai gidan gahawa ya shiga ya fito da ƙahon, yana tafe yana jujjuya shi. Igiya tana lilo, ba komai a jikinta.

"Ina mutanenmu?" in ji Deda.

Obrad ya gyara tsayuwa, ya yi murmushin wanda ya ɓoye kyauta. "Deda, wannan ita ce tsarabar da na ajiye ƙarshe. Shekara da shekaru suna rataye cikin datti, ba wanda ya kula. Ni na kula. Suna nan ciki, sun fi kowa haske."

Ya nuna bokitin.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya kalli bokitin, ya kalli Obrad. "Sunayensu a cikin baƙin suke, ɗana."

"Ai ƙusa ce ta karce su, Deda. Karce ba ya..." Obrad ya ɗauko ɗaya ya juya shi a rana. Sumul. Ya ɗauko wani. Sumul, har fuskarsa yake gani a jiki, doguwa siririya.

"Ubana yana ciki," in ji Deda Stanimir. "Da wanda ya koya min riƙe bindiga. Amma bar nawa. Ni na yi niyyar ba ka ƙahon nan, don Marinko ya taɓa ɗauko ni a bayansa daga dutse ƙafata a karye. Har yanzu ban fasa ba. Ciro mana na Marinko, in ɗaura shi, in ba ka."

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Obrad. "Ɗa ba ya ɓata ubansa."

Ya durƙusa ya zura hannu. Ya ciro ɗaya ya ce wannan ne, nauyinsa ma daban. Wani mafarauci ya karɓa ya duba gindin, ya ce wannan irin bara aka fara sayar da shi. Obrad ya ce gwada su yake. Ya ciro wani, ya mayar. Ya kife bokitin a ƙasa don ya gani da kyau, ya manta gidan gahawa a kan gangare yake. Kwanso suka kama hanya suna ƙara, wasu cikin kwata, wasu ƙarƙashin tukunyar wake, karnuka suka bi su da haushi. Obrad ya bi su da rarrafe yana tarewa da hannu da hula.

Tihomir ya sunkuya ya tsince maɓallan nan da na'urar ta matse, ya busa musu ƙura, ya miƙa masa.

"Riƙe waɗannan ma, kum. Ba a sani ba."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake da yawa sun so. Obrad ya karɓa ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa, kuma a karo na farko tun da aka san shi, bai ce a masana'anta ma haka ake yi ba.

Deda Stanimir ya rataya wa Tihomir ƙahon da igiyarsa tsirara. Tihomir ya busa, mafarauta suka hau dutse da harsashin kanti. Waɗanda suka rage suka taya Obrad tsintar kwanso har la'asar. Leposava ce ta tsinci mafi yawa, ta zuba masa a bokiti.

Ba wanda ya nemi nasa kwanson, don ba wanda ke son ya harba wani magabaci a kan alade. Duka suka bar wa Obrad.

Yanzu in ka bi ta gidansa za ka ga wani faffadan katako a ƙarƙashin indararo, an jera kwanso a kai layi-layi, ruwan sama yana dukansu. Kullum da safe, in ya gama wanki, Obrad yakan fito da tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, har da maɓallan. Ya ce in baƙin ya dawo, karcen zai fito.

Kwanan baya Tihomir ya tsaya ya dafa shinge, ƙaho a kafaɗa.

"Me ake ƙerawa kuma, kum?"

"Injin mayar da baƙi. Ni na ƙirƙiro shi. Ba ya cin wuta, ba ya ƙara, ko a masana'anta ba su da irinsa."

"Yaushe zai gama?"

"Na farkon ya ɗauki shekara talatin."

Tihomir ya buɗe baki, amsa tana kan harshensa, mai kyau kuwa. Sai ya haɗiye ta, ya tura ƙofar shingen ya shigo, ya durƙusa a ɗaya gefen katakon.

"Daga wane layi ka tsaya?" in ji shi.